Ɗan Fari a Kogon Jemage

Duk rugagen da ke tsakanin Zurmi da Kaura Namoda an san Inno da abu biyu, kuma babu na yabo a ciki. Na farko, wai ba ta da kunyar ɗan fari. Bafillatana ce, ta tsufa har haƙoranta sun fara yi mata sallama, amma sai ta tsaya a tsakiyar ruga ta ƙwala wa ɗanta kira, "Mu'awiya!" gatsal, kamar mai kiran ɗan maƙwabta. Mata su kama baki. A wurinsu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Na biyu, duk farkon damina takan zuba nono a 'yar ƙwarya ta hau dutse zuwa Kogon Jemage ita kaɗai, ta dawo da ƙwaryar wayam. Aka ce iskoki take shayarwa. Mutanenmu kuwa, in sun ce "an ce", to sun gama bincike.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, Mu'awiya ba shi ne ɗan farin ba.

Tun tana yarinya ɗanya, suna gangarowa daga arewa da shanu, gulbi ya cika ya raba tafiyar biyu. Mijinta Amadu ya riga ya ƙetare da garke. Ita da uwar mijin suka fake a kogon, da jariri a baya wanda bai daɗe da cin suna ba. Zazzaɓi ya kama shi, kafin ruwa ya janye yaron ya rasu. Babu namiji, babu liman. Matan biyu suka tona rami da bakin fartanya a ƙuryar kogon, ƙarƙashin wata tsaga da haske ke shigowa, suka naɗe shi a mayafin Inno, suka kwantar da shi a kan damansa yana duban gabas, suka ɗora faffaɗan dutse. Da Inno ta buɗe baki za ta yi kuka, tsohuwar ta dube ta, duba ɗaya. Ɗan fari ne, kuma a gaban suruka. Ta haɗiye. Sai dai nono bai san kunya ba. Ya cika ya yi mata tauri har ta rasa inda za ta sa kanta, ta durƙusa ta tatse shi a kan ƙasar. Daga nan zuwa da nonon ya samo asali. Daga baya ita ce ta yi ta yi wa Amadu naci har ya kafa ruga a gindin dutsen. Bai taɓa tambayarta dalili ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Uwarsa ta rasu, shi ma ya bi ta, aka bar Inno ita kaɗai da sunan yaron a cikinta.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau, ƙasa ta ɗauki zafi. 'Yan bori suka ɓoye kayansu, makaɗa suka rataye kalangu, kowa ya koma yana duba abin da maƙwabcinsa ke binnewa a bakin ƙofa. Mu'awiya ya shiga 'yan agaji, ya sami kaki da hula. Kar a zalunce shi, mutumin kirki ne, kuma yana son uwarsa. Tsoro ne ya hana shi sukuni.

"Inna, don Allah ki bar zuwa kogon ga," ya ce mata wata safiya tana kaɗa nono. "Mutane na magana. Zuba nono ga dutse shirka na. In anka kai ƙara, ni za a aiko in taho da ke."

"To sai ka taho da ni," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Amma da ta ga idonsa ya kawo ruwa, sai ta bari. Daminar nan ta wuce ba ta hau dutsen ba. Duk sa'ad da hadari ya haɗu sai ta ji ƙirjinta yana mata nauyi, ita da ta manta rabonta da goyo.

Da bazara ta kama, wata mota ta zo da mutanen jami'a. Wani makiyayi ne ya tsinci gatarin aradu a bakin kogon, irin sumul ɗin dutsen nan da ake cewa tsawa ke jefowa, ya bi hannu hannu har ya kai gare su. Shugabarsu mace ce, Malama Saliha, mai hijabi har gwiwa da takalmi irin na sojoji a ƙarƙashi. Ta gaya wa hakimi cewa ba daga sama dutsen ya faɗo ba, mutane ne suka wasa shi, mutanen da suka zauna a kogon tun kafin a san ƙarfe, kuma so take ta tona ta gani. Hakimi ya yarda, da sharaɗin ɗan agaji ya tsaya a kansu kar a yi wani tsafi. Aka zaɓi Mu'awiya. Har murna ya yi, don a ganinsa in aka tone aka ga babu komai, an wanke uwarsa ke nan.

Kullum da yamma yakan dawo da labari. Sun kafa turaku sun ja igiya sun yanka ƙasan kogon gida gida. Da cokalin magina suke kankare ƙasa, su tankaɗe ta a rariya kamar garin tuwo. Sun sami toka da gawayi na murhun da ya mutu tun ba a san ranar ba, da tsingaron tukunya mai zane, da kibiyoyin dutse ƙanana kamar farce. Yana ba da labarin yana dariya, manya da karatunsu suna rarrafe a kashin jemage. Inno ba ta dariya. Tambayarta ɗaya ce.

"Ina sunka kai?"

"Sun matsa ciki kaɗan."

Gobe ma haka. Ramin yana ta jan ciki zuwa ƙurya, ita kuma tana ta ramewa. Sau nawa ta buɗe baki za ta ce masa, akwai ɗana a can, harshen ya ƙi juyawa. Mai sauraro zai ce, ai magana ce 'yar ƙarama, ta faɗa mana ta huta. Wanda bai tashi a cikin abin ba ne zai ce haka. Macen da ta shekara arba'in da ɗoriya tana riƙe da baki, ba ta ma san ta inda ake sakinsa ba.

Ran nan da hantsi Mu'awiya ya sauko ɗiban ruwa, fuskarsa ba dariya.

"Inna, sun iske ƙashin mutum. Ƙaramin yaro. Sun ce cikin kwali za su sa shi su tahi da shi jami'a."

Ludayin da ke hannunta ya faɗi cikin ƙwarya. Ba ta ɗauki sanda ba, ba ta nemi takalmi ba. Yana kiranta tana hawa, tsohuwar da yanzu ko rijiya sai an raka ta, har ya zamana shi ne ke haki a bayanta.

A cikin kogon ma'aikata sun kewaye ramin. Suka buɗa mata. Ta leƙa. Ramin ya kai ƙirjin namiji zurfi, ita kuwa da surukarta ko gwiwa ba su kai ba. A can ƙasa Malama Saliha na durƙushe da ɗan burushi, a gabanta ga yaro kwance a kan hagunsa, ya naɗe ƙafafu har haɓa kamar mai jin sanyi, ya ba gabas baya. Yana da haƙora. A wuyansa akwai jerin wasu farare ƙanana. Ba nata ba ne.

Ta juya ta dubi ƙurya. Faffaɗan dutsen yana nan ƙarƙashin tsagar, haske na sauka a kansa. Amma an kafa turke dab da shi, igiya ta ratsa ta samansa. Ko ba a gaya mata ba ta gane nan ne aikin gobe.

"Sannu, Inna," in ji Malama Saliha daga cikin ramin. "Ki zauna, kin sha hawa."

"Ɗan wa na?"

"Ba mu sani ba. Ya daɗe ƙwarai a nan. Kafin a kafa Zurmi, kafin shanunku su zo ƙasar nan, kafin duk wanda muka san sunansa." Ta nuna wuyan yaron da bakin burushi. "Kin ga waɗannan? Ɓawon ƙwan jimina ne. Ɗaya bayan ɗaya aka goga su a dutse, aka huda, aka shirya su a zare suka zama tsakiyar wuya. Aikin wata da watanni ne. Duk wanda ya yi, yana son yaron nan."

"Aikin uwatai na," in ji Inno. Ta daɗe tana kallo. "Mi as sunanai?"

"Ba wanda zai taɓa sani, Inna. Lamba muke ba shi."

Nan Inno ta zauna a bakin ramin ta fashe da kuka, kuka mai sauti, irin wanda kogo ke maimaitawa. Ai babu al'adar da ta hana mace kukan ɗan wata. Ta yi wa yaron mai tsakiyar jimina, ta yi wa uwar da ta zauna a wannan ƙasa tana goga ɓawo, kuma duk wanda Allah ya ba ido zai ga kukan ya fi ƙarfin baƙo. Ma'aikata suka ajiye rariya. Mu'awiya kunya ta rufe shi, ya ɗauka iskokin ne suka hau ta a gaban baƙi, ya dafa kanta ya fara karanto addu'ar tsari.

Ta ture hannunsa. Ta ja gwiwa har ƙurya, ta ɗora tafinta a kan dutsen.

"Nan kar ku taɓa."

"Inna," ya ce a hankali, "mun yi maganar ga da ke."

"Ba iska na ba. Mutum na." Ta kau da fuska zuwa bango. "Yayanka na."

Mu'awiya ya tsaya kamar an dasa shi. Tun yana yaro ake yi masa ba'a, ɗan farin da uwarsa ke kira kamar bara, har ya taɓa zaton ba ta ɗauke shi da daraja ba. Ya tuna ƙwaryar nonon. Ya tuna daminar da ya hana ta zuwa, da yadda take tsayawa a bakin bukka tana kallon dutsen. Ya cire hularsa ya rasa inda zai ajiye ta.

Malama Saliha ta fito daga ramin ta kakkaɓe hannu. Ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. "Wannan kabari ne mai mai shi," ta ce wa mutanenta. "A nan muka tsaya." Ta kwance igiyar tana naɗewa a hannu, Mu'awiya ya sunkuya ya tuge turken da kansa ya jefar gefe.

Sannan ya durƙusa kusa da uwarsa ya buɗe tafukansa. Ya fara addu'a, ya tsaya.

"Inna, mi as sunanai?"

Amadu ya tafi, tsohuwa ta tafi, liman da ya raɗa sunan yana can wata ƙasa da ko hanyarta ba ta tunawa. In ta mutu da shi a ciki, shi ke nan. Ta waiga ta dubi ramin, inda ɗan wata ke kwance da tsakiyarsa, ba shi da komai sai lamba. Ta goge ido da gefen zane. Leɓɓanta suka motsa sau ɗaya ba sauti, kamar mai gwada ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Sanda," in ji ta. Ta shafa dutsen, ta sake faɗa, wannan karon ba da Mu'awiya take ba. "Sanda."