Geron Hansatu a Ofishin Manaja

Ranar da aka sallami Gwadabe daga kamfanin gadajen ƙarfe a Bompai, idanunsa jajur suke, sai ruwa suke zubarwa. Shekara shida yana walda babu baƙin gilashi. Uwarsa Hansatu ta yafa mayafi ta tafi da kanta, don a mayar mata da ɗa bakin aikinsa.

Manajan, wani Malam Isyaku mai son nuna boko, ya ce ciwon daga gida yaron ya zo da shi. Wai haske ba abu ba ne, balle ya bugi mutum. Har ya ɗauko tocila biyu ya gitta haskensu, ya ce ta duba da kyau, ko junansu ba su taɓa ba.

Hansatu ba ta yi boko ba, amma ta san rainin hankali in ta gan shi. Ta zarce Na'ibawa wajen Ma'u, 'yar ƙanwarta mai karatun kimiyya a jami'a. Ma'u ta ce ai haske ƙwayoyi ne mitsi-mitsi. Na tocila ratsa juna suke yi, gaskiya ne, amma in ƙarfinsu ya kai matuƙa, ƙwaya kan yi karo da ƙwaya su watse. Na walda bai kai can ba, sai dai ya isa ƙona ido.

"Ƙwaya kamar gero?"

"To, kusan haka, Inna."

Washegari Hansatu ta koma kamfanin da gero ƙulle a bakin zani, masu walda suna leƙe ta taga. Ta ce manaja ya sake wasan tocilar nan. Yana kunnawa ta watsa masa geron a fuska. Ya runtse ido, ya ja baya har hularsa ta faɗi.

"Don gero kuka rufe ido, Malam? Shekara shida ana watsa wa ɗana wanda ya fi wannan zafi. Ku sa a kunna walda ku kalla minti ɗaya, in kama hanyata."

Bai sa an kunna ba.

Da idon ya lafa, Gwadabe ya koma aiki, aka ba shi baƙin gilashi, shi da sauran masu walda. Hansatu kuwa duk wanda ya zo gaishe ta sai ya sha labari, tana ƙarawa da cewa hasken walda dambe yake da junansa. Ma'u ta gyara mata har ta gaji. Abu ɗaya ke ba Hansatu haushi har yanzu: geron mai kyau ne, na kunu ta ajiye shi.