Kaskon da Ban Jiƙa Ba

Ranar Alhamis Goggo Herminia ta sayo kaskon a kasuwa, maza biyu suka sauke shi daga bayan mota. Na yumɓu ne, mai hannu biyu, faɗinsa ya isa yaro ya kwanta a ciki. Da shi za a dafa miyar mole ta bikin ƙanina Fidencio ranar Asabar. Goggo yayar mahaifinmu ce, kuma ita ke dafa mole a duk wani biki na danginmu tun kafin a haife ni.

"Leocadia, ke ce mai tsari a gidan nan," ta ce. "Ki shirya min shi."

Ba wani aiki ba ne. Sabon kasko ya kwana cikin ruwa, ya sha rana, a goga masa tafarnuwa a baya, sannan a tafasa ruwan farar ƙasa a ciki da ƙaramar wuta. In akwai tsagar da ido bai gani ba, a nan take fitowa.

Amma makon jarrabawa ne, takardun yaran ajina arba'in da biyu suna jira na. Na ce gobe. Ranar Juma'a na ce anjima. Asabar da sassafe na tarar da kaskon a bayan ƙofa, da ƙurar kasuwa a jikinsa. Na ɗauraye shi, na goga masa tafarnuwa har yatsuna suka yi raɗaɗi. Da Goggo ta zo ta sunsuna shi, ta gyaɗa kai.

"Madalla da malamarmu."

Na bar ta a haka, na tafi wanke hannuna.

Kafin rana ta take, kaskon yana kan duwatsu uku a tsakar gida, cike kusan har baki. Kwana uku mata suka yi a kan dutsen niƙa saboda miyar: barkono, riɗi, gyaɗa, cakulan. Miyar ta yi kauri tana tafasa, kitse yana yawo a samanta. Ɗigo ɗaya ya faɗo wa mutum a hannu sai ya tashi ƙurji. Goggo tana zaune a kan 'yar kujera dab da murhu, ƙafafunta a miƙe kusa da duwatsun, tana juyawa da muciya mai tsawonta. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. In ta zauna haka, sai mutum biyu sun kama ta take tashi.

"Goggo, kin zuba barkono kamar kina fushi da dangin amarya," in ji yayata Crispina, tana fige talotalo. "'Yan birni ne fa."

"Su sha ruwa. Rijiya ba ta ƙafe ba."

Ana cikin dariya na ji wata 'yar ƙara, ƙas. Na ce wa kaina itace ne. Na durƙusa kamar zan iza wuta, na leƙa. Daga ƙarƙashin hannun kaskon, wani baƙin layi siriri kamar zare ya gangara zuwa gindi, ta ɓangaren da Goggo take. Ina kallo, kitse ya tsattsafo daga layin ya ɗiga a wuta, ya yi cuu.

Na dubi miyar, na dubi ƙafafunta. Tsakaninsu bai kai taki ɗaya ba.

"Goggo, ki tashi ki sha iska, in karɓe ki."

"Ke? Ke da hannunki bai san komai ba sai alli?" Mata suka sake fashewa da dariya. "Mole ba ta son hannu biyu, ta tsinke. Ni na fara, ni zan sauke."

"To ki ɗan ja baya, hayaƙi..."

"Shekara hamsin ina shan hayaƙin nan. Matsa min, kin tare min haske."

Ƙas. Wannan karon ta fi ƙarfi, har Crispina ta ɗago kai. Kullum ina gaya wa yaran ajina su faɗi gaskiya tun abu yana ƙarami, ga shi ni na bari nawa ya girma. Da ƙyar maganar ta fito.

"Ban jiƙa shi ba. Goggo, ban jiƙa kaskon ba, ban tafasa komai a ciki ba. Tafarnuwa kawai na goga. Ya tsage."

Goggo ba ta dube ni ba, kaskon ta duba, hannunta bai daina juyawa ba.

"Kada wadda ta taɓa hannunsa," ta ce a hankali. "Ku janye itacen, ɗaya bayan ɗaya. Ku kawo tukwane da ƙore, a kwashe."

"Ki tashi tukuna."

"In na saki muciya, miyar ta kama gindi."

Ban taɓa ƙin bin maganarta ba sai ranar. Na zagaya bayanta na sa hannuwana a hammatarta, na kira Crispina. Muka ja ta da kujerar gaba ɗaya, tana zagin mu, tana dukan iska da muciya. Takalminta ɗaya ya zame ya tsaya a wurin.

Mata suka tsaya ta ɗaya ɓangaren, suna miƙa ƙwarya daga nesa, suna juyewa a tukwane. Sun cika tukunya uku, sun fara ta huɗu, sai kaskon ya buɗe gida biyu. Miyar ta kwararo ta kashe garwashin, tururi ya turnuƙe mu, wata ta yi ihu. Da ya lafa, wurin da Goggo ta zauna ya zama baƙin tafki yana ɓulɓula, takalmin ya nutse a ciki.

Na durƙusa na dudduba ƙafafunta, yatsa bayan yatsa. Ɗigo biyu ne kawai a ƙaurinta na hagu. Na sa musu ruwan sanyi.

"Kin zubar min da rabin mole," ta ce.

"Na sani, Goggo."

Ta riƙe wuyan hannuna ta matse. Ta daɗe ba ta sake ni ba, tana kallon murhun.

"Je ki faɗa wa Fidencio da bakinki," ta ce daga baya. "Ki ce a ƙara shinkafa. Crispina, kama ni in tashi, waɗancan tukwanen ba za su juya kansu ba."