Saƙon Muryar Zaharaddini

Saura sati uku ɗaurin aure Zaharaddini ya fasa. Shekara huɗu yana zirya gidan Malam Tasi'u, a wani ƙauye da ke gefen kogin Watari, wajen 'yarsa Tahira, malamar Islamiyya. Da ya samu aikin tsaron shagon waya a birni sai idonsa ya buɗe, in ji shi. Bai iya zuwa ya faɗa ba. Murya ya naɗa don abokinsa, yana cewa yarinyar baƙa ce wuluk, ba ta waye ba, tafiyarta kamar ta mai ɗauke da tulu. Yatsa ya kuskure, saƙon ya faɗa zauren hirar waya na 'yan kwamitin biki.

Kafin la'asar, har kurman garin an yi masa bayani da hannu.

Tahira ta daina zuwa makaranta. Ko wayar wani ce ta yi ƙara sai ta shige ɗaki. Abin da ya fi cin ta, ta yarda da maganar. In za ta ratsa tsakar gida sai ta riƙa lura da ƙafafunta, har ta manta yadda take tafiya a da.

Masu magani suka yi layi. Gwaggo Larai ta fara tsine wa Zaharaddini, ta ce baƙar fata ai ado ce, sannan ta zaro kwalbar man bilicin daga cikin mayafi ta ce a gwada na sati biyu. Aina'u, 'yar kawunta da ke karatu a kwaleji, ta ce ciwon yana da suna da Turanci, maganinsa kuwa ta tsaya gaban madubi kowace safiya ta ce wa kanta ita sarauniya ce, sau arba'in. Tahira ta gwada. Inna ta leƙo ta tarar da 'yarta tana hira da madubi, ta aika a kira mai ruƙiyya. Awa biyu yana tambayar aljanin sunansa, Tahira tana cewa ita ce dai Tahira, shi kuma yana cewa taurin kan aljanun yanzu ke nan.

Sai da aka shiga noman rani Malam Tasi'u ya sa baki. Ya ce daga yau Tahira ce za ta riƙa kai masa abinci fadama, ba kuma shawara yake nema ba.

A can ta riƙa tarar da Nababa, mai gyaran injin ban-ruwa, mutum mai in'ina da har ya haura talatin bai yi aure ba. Ba ya yi mata kallon tausayi. Wata rana ya miƙo mata takardar sabon inji ta karanta masa, ta karanta, ya ce ba haka ba ne. Ta ce haka ne. Suka yi ta musu har ta ɗaga murya, abin da ta yi wata huɗu ba ta yi ba. Ita ce da gaskiya, ya kuma amsa a gaban mutane.

Da ta ga wayarsa ƙarama ce mai madannai sai ta ɗauka bai ji saƙon ba. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi, ya ajiye sifana.

"Na ji, Malama. Sau ɗaya," ya ce, yana cije kalmomin. "Ni tun ina yaro ake kwaikwayon maganata a garin nan. Amma in inji ya mutu, da ladabi ake sallama a ƙofar gidanmu."

Ba ranar ta warke ba. Ta koma gida ta yi kuka sosai, bayan sati biyu kuma ta koma aji.

Da Nababa ya turo magabatansa, gari ya ce ƙwarya ta bi ƙwarya. Tahira ta ce a bari sai an cire albasa, tana so ta tabbata ba gudun gori ne zai kai ta ba. Ya jira. A zauren Malam ta tambaye shi me ya gani a wajenta. Ya daɗe yana kokawa da kalmar farko, ita kuwa ta gyara zama, ba ta ƙarasa masa ba. An ɗaura auren ranar Juma'a, sati biyu kafin ruwan farko.