Allurar da Ta Tsaya a Rabi

Motar ta yi tari sau biyu a tsakiyar gada, ta yi gyatsa, ta mutu. Mai gyaran wayarin mota da ke tuƙa ta ya murɗa makulli, ya taka totur, ya sake murɗawa. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. A kujerar baya maƙwabcinsa Baba Tela na jan numfashi da ƙyar, kansa a kafaɗar matarsa.

"Mene ne kuma?" in ji matar. "Don Allah kar ka ce min lalacewa ta yi. Asibitin fa ga shi can."

Mai wayarin ya saki makullin. Idonsa na kan allurar gejin mai, tana nan a rabi ƙyam, ko motsi. Gumi ya karyo masa, don duk duniya babu wanda ya fi shi sanin dalilin da ya sa ta tsaya a nan.

Wata uku ke nan da Baba Tela ya sayi motar, tsohuwa ce da aka shigo da ita daga waje, don a daina wahalar neman tasi duk ranar da za a kai shi ganin likitan zuciya. Amma kafin ta iso hannunsa wani gwani ya juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, ya yayyanka wayoyi, ya jojjona, ya naɗe su duka da baƙin tef. Sai ta zama abin dariyar layi. A danna hon, allurar mai ta haye sama. A kunna fitila, ta faɗi ƙasa. Mai wayarin, wanda katanga ɗaya ta raba su, ya bugi ƙirji ya ce aikin yini ɗaya ne.

Ina! Sati uku yana fama. Ya canza fis, ya goge kan batir, ya ciro abin auna mai daga tanki ya mayar, ya kwanta ƙarƙashin sitiyari har wuyansa ya ƙage. Baba Tela kuwa kullum yana bakin shagonsa yana tsokana.

"Injiniya, yau ma rawa take? Wallahi in tana rawan nan har ƙirjina nake ji."

Kunya ta ishi mai wayarin. Ran nan ya cire wayar gejin, ya jona wata 'yar dabara ta bayansa, allura ta zauna a rabi daram. Ya ce wa kansa na kwana biyu ne kafin ya samu sarari. Ya yi niyyar faɗa, sai ya ga yadda tsohon ya washe baki, maganar ta maƙale. Kwana biyu suka zama goma sha.

Yanzu ga shi a tsakiyar gada yana ɗaga wa motoci hannu, suna hon suna kauce masa. Ya ruga gaba, ya dawo, ya buɗe but ko akwai galan, babu. Ya leƙa ta taga.

"Baba, yi haƙuri, yanzun nan za a samu mota."

Baba Tela ya buɗe ido, ya dubi gejin, ya dube shi.

"Ɗinkin wucin gadi ka yi mata, ko?" Muryar can ƙasa, amma da 'yar dariya a ciki. "Ni ma na sha yi wa mutane. Je ka tare mota, bar tsayuwa a kaina."

Sai da aka yi kusan rabin awa wani mai motar ɗaukar kaya ya tsaya. Suka kwantar da shi kan tabarmar roba a baya, mai wayarin na riƙe da ƙafafunsa kar su bugi ƙarfe. Kafin su shiga ƙofar asibiti ya ji ƙafafun sun yi nauyi a hannunsa. Ya tare likita a baranda ya tambaya ko da sun iso da wuri da ya rayu. Likitan ya ce wannan Allah kaɗai ya sani, ya wuce.

Kwana biyar mai wayarin bai buɗe shago ba. Ya zauna, ya tashi, ya zaga gidan, matarsa ta ajiye abinci ta ɗauke. An jawo motar an ajiye a ƙofar gidan mamacin, ko ta ina ya fito sai ya gan ta. Ran na shida da hantsi ya ɗauki akwatin aikinsa. Wannan karon bai nufi sitiyari ba, kujerar baya ya cire gaba ɗaya, ya ɗaga kafet. Ga ta nan, wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, nocinta ya ci tsatsa, tana lilo, ita ce ke sa allurar rawa. Ko minti goma bai yi ba. Haushin kansa ya kama shi, ya kwance nocin ya damƙe a hannu.

Matar marigayin ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama," ya ce, bai iya ɗaga kai ba, "ba lalacewa motar ta yi ranar ba. Mai ne ya ƙare. Ni na ɗaure allurar a rabi, ban faɗa ba."

Ta dubi motar.

"Ya sani," ta ce. "Ta taga ya hango ka ranar da kake ɗaure ta. Ya ce kar in ba ka kunya, za ka dawo ka gyara. Shi yake tuna a zuba mai duk bayan kwana uku. Da ya kwanta ya ce in riƙa tunawa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni ma ban tuna ba, ɗan nan. Muna kan gadar nan na tuna."

Mai wayarin ya zauna a bakin ƙofar motar.

"Me ya sami allurar, asali?" ta tambaya.

Ya buɗe tafin hannunsa. Ɗan noci ne, bai kai kan ɗan yatsa ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

Ta ɗauka ta jujjuya shi a haske, tsatsar ta ɓata mata yatsu. Sannan ta shiga shagon mijinta, inda rabin riga ke maƙale a ƙarƙashin allurar keke. Mai wayarin na zaune ya ji ta buɗe gwangwanin maɓallai, ya ji ƙarar nocin ya faɗa ciki, ta mayar da murfi.