Bakin Roba

Tun da gwiwa ta kama surukar Mai Inji ta dawo gidansa da zama, da ƙarfen dogarawarta mai tayoyi da bakinta wanda ba ya ciwo. Ƙofar banɗakin gidan akwai ɗan tudu, kullum nan tayoyin ke cijewa, kullum nan take tsayawa ta karanta wa gidan laifinsa.

Shi kuwa bawan Allah ya samo wata tsohuwar roba fara mai kauri, irin wadda ruwa ba ya ci, zai shimfiɗa a gaban tudun. Sai dai gefenta a tsaye yake, ga kaifi. Sai an fere shi ya kwanta, faɗin yatsu uku, sannan taya ta hau. Masu sana'ar suna ce wa wannan kashe baki.

A shagonsa ya ɗaura wa inji wuƙar da yake kashe wa ƙarfe baki, ta ɗebi abin da bai kai farce ba. Ya sa babba mai haƙora birjik, roba ta ɗau zafi ta narke, ta liƙe haƙoran kamar cingam. Ya gwada injin gurza, ya fito da gashin roba har cikin hanci. Da ya dawo cin abincin rana sai ya tsaya bayan taga ya kira abokinsa kafinta, ya buɗe muryar waya don hannunsa duk maiƙo ne. Surukar tana ciki, kunnenta kuwa gwiwa ba ta taɓa shi ba.

"Bakinta ne ya dame ni," in ji Mai Inji. "Kowa ya raɓe ta sai ta yanke shi. So nake in kashe mata shi gaba ɗaya."

"Tsohuwa ce?" in ji kafinta.

"Tsohuwa tukuf, ga taurin tsiya."

"To kada ka yi mata da zafi, manne maka za ta yi. Zo ka karɓi wuƙata mai haƙori ɗaya, mai faɗi. A hankali za ka bi ta, kaɗan-kaɗan, ba ta ma sanin ana yi."

Ya karɓo wuƙa, ya rage wa inji gudu, roba ta riƙa zubowa a nannaɗe kamar ɓawon lemo. Da yamma ya shigo gida da robar a ka yana fito. Sai ya tarar da akwati biyu a tsakar ɗaki, matarsa ta goya ƙaramin ɗansu, ido jawur.

"Lafiya?"

"Tafiya za mu yi," in ji matar. "Ka nemi wata uwar ka yanka."

Tsohuwa tana zaune kan akwati, ta ce, "Ina wuƙar, ɗan albarka? Mai haƙori ɗaya. Ni dai biyu suka rage mini, sai mu gwada."

Mai Inji ya ga rantsuwa ba za ta fitar da shi ba, sai ya wuce ya shimfiɗa robar a ƙofar banɗaki, ya shafa gefen da tafin hannu.

"Inna, ga tsohuwar. Ga bakin."

Matar ta dubi roba, ta dubi uwarta, ta juya baya kafaɗunta na rawa don dariya. Tsohuwa ta miƙe ta tura ƙarfenta. Tayoyi suka hau sumul. Ta sauko, ta sake hawa, tana neman inda za su cije, ba su cije ba.

"Ba laifi," ta ce. "Wannan dai ta yarda an kashe mata." Ta dubi 'yarta. "Ke kuma mayar da akwatin nan, ina za mu je? Can gidan yayanki tudu biyu ne."

Mai Inji ya sunkuya zai ɗauki akwati, ta ɗaga masa yatsa.

"Gobe ka duba ƙofar kicin. Can ma ina so in riƙa shiga in ga abin da ake yi."