Ƙwaya Ashirin a Hankici

Wari ne ya sa sakatariyar ta jawo durowar ƙasa ta teburin ɗan majalisar da take yi wa aiki. Ta zaci ɓera ne ya mutu. Abin da ta tarar ƙullin leda ne, da jiƙaƙƙen hankici a ciki, duk ya yi funfuna.

"Ranka ya daɗe, in zubar?"

Ɗan majalisar ya ɗago kai daga takardunsa. Yana ganin ledar, ya gane ta.

Shekara talatin ya yi yana noma kafin mutanen lardi su tura shi majalisa. Mai Fartanya suke ce masa, abokan aikinsa kuwa suna yi masa tsiya wai yana riƙe biro kamar ƙotar gatari. Ko a jikinsa. Ya haƙa rijiyoyi, ya sa an gyara gadar da ta shekara tara tana cin awaki, bai kuma taɓa koyon dogon jawabi ba. Aikin da ya fi alfahari da shi dai shi ne sabon irin masara, wanda ya shekara biyu yana tayar da jijiyar wuya a kansa kafin gwamnati ta saya.

Ranar da buhunan suka iso, ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa. Ya ɗebi ƙwaya ashirin, ya jera a hankici, ya jiƙa, ya ɗaure a leda. Kwana biyar ake jira, sannan a buɗe a ga nawa suka tsira. To amma ina ɗan majalisa ya ga kwana biyar? Taro ya haifi taro, ruwan shuka ya sauka da wuri, aka raba iri. Shi da bakinsa ya shiga rediyo ya ce kowa ya ajiye tsohon irinsa ya rungumi sabo. Yau kwana goma sha shida ke nan.

Ya warware hankicin a kan teburin. Ƙwaya uku sun tsira, sun yi dogon tsiro fari fat saboda duhu. Goma sha bakwai sun ruɓe. Ya sake ƙirgawa, kamar ƙirga za ta tayar da su.

"Buhu nawa ya rage a sito?"

"Ko ɗaya," in ji sakatariyar. "Ai har jarida ta yabe ka."

Bai jira direba ba. Ya cusa hankicin a aljihun babbar riga, ya ja mota da kansa. Tun daga bakin gada ya fara rage gudu. Kunyoyi ne a miƙe hagu da dama, an gyara su tsaf, ƙasa ta sha ruwa ta yi baƙi, amma sai ka yi taku goma kafin ka ga ganye ɗaya. Mutane na ɗago masa hannu daga cikin gonaki. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ko a shekarar fari.

A gonar gado ya sami yayansa a tsugunne, yana tonon kunya da ɗan yatsa.

"A'a, manyan gari. Yau babu jiniya?"

"Yaya, ya shukar take?"

"Ga ta nan, tana yi mana yanga." Tsohon ya karkaɗe hannu a gwiwa. "Wataƙila sabon iri haka yake, sai ya yi nauyin barci."

"Irinmu na gida fa? Wanda ke rataye a rumbu?"

"Ba kai ka ce a ajiye ba? Da muka ga ba shi da aiki, matata ta kai niƙa. Kowa ma haka ya yi."

Ɗan majalisar ya matso. Ya tsugunna kusa da yayan, gefen rigarsa a cikin taɓo.

"Kafin ka shuka, ba ka gwada ba?"

Yayan ya dube shi da mamaki, sannan ya yi dariya.

"In gwada irin da ka kawo? Duk lardin nan babu wanda ya jiƙa tsumma bana. Da wani ɗan boko ne ya kawo, ko ni sai na gwada sau biyu. Amma kai? Jiya ma maƙwabta sun zo hankalinsu a tashe, na ce su je su kwanta, ƙanena ba ya sa ƙwaya a ƙasa sai ya ga tsironta a hankici." Ya sake duban ƙanen. "Ka dai gwada, ko?"

"Na gwada."

"To, shi ke nan. Zai fito."

Tsohon ya koma tononsa, hankali kwance. Ɗan majalisar ya sa hannu a aljihu. Hankicin ya riga ya jiƙa rigar, danshin ya kai har fatar cinyarsa.

"Yaya," ya ce.

"Na'am, ina jin ka."