Allon da Ke Sa Auta Kuka

Saura ƙiris Auta ta haɗiye maganar kamar yadda ta saba, don ita ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai take yi. Amma ciwon idon ya kai ta bango.

A shagon kawunta take aiki, shagon buga takardu. Allon kwamfuta biyu Kawu ya saya, baƙaƙe iri ɗaya. Mai lafiyar yana ofishinsa, da shi yake buga karta. Ɗayan, mai ƙifta-ƙifta kamar tocilan da batirinta ya kusa mutuwa, shi ne a gaban Auta. Maganinsa a shagon guda ne: a kai masa mari a gefen dama, ya ɗan natsu, ya koma rawa. Kafin rana ta take, idanunta sun kaɗa sun yi jawur, hawaye na bin kumatu.

Wata rana wata dattijuwa ta kawo sanarwar rasuwar mijinta a buga mata. Ta ga Auta na bugawa tana share ido, sai ta dafa ƙirji.

"Allah sarki 'yar nan! Ko 'ya'yan cikinsa ba su yi masa wannan kukan ba."

Kan ka ce me, labari ya karaɗe unguwa: akwai yarinya mai tausayi a shagon nan. Masu rasuwa suka yi layi, masu neman aiki suka biyo, har wani da akuyarsa ta ɓata ya zo a yi masa cigiya, ya tsaya yana jiran nasa hawayen. Kawu ya jawo teburinta bakin ƙofa don a riƙa hango ta daga titi. Rana ta samu allon tana duka, rawar ta zama biyu.

Da haruffa suka fara yi mata bibbiyu, ta je wajen likitan ido. Bai ja zance ba: ko ta rabu da allon nan, ko ta rabu da idon.

Da yamma ta tsaya a ƙofar ofishin tana murza yatsu.

"Kawu, likita ya ce a canza allon."

"Likitan ne zai saya?" Ko ɗago kai daga kartarsa bai yi ba. "Allon nan lafiyarsa lau, idonki ne, Auta. Mamanki ma haka take, abu kaɗan sai hawaye. Idan ya ƙifta ke ma ki ƙifta, sai ku daidaita."

"Kawu, gani nake nema ya gagara."

"To ai kukan ba ya buƙatar gani. Ja mini ƙofar."

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta zare wayoyi, ta rungumo allon ofis ta kawo teburinta, ta kai mai rawar wajen karta. Ta juya teburin baya ga rana, ta goge ƙura, ta zauna.

Da hantsi aka fara jin mari daga ofis. Tas! Tas! Can Kawu ya leƙo, ido jawur, kumatu sharkaf.

"Ke Auta, me ya sami allon nan?"

"Lafiyarsa lau, Kawu," ta ce, kanta a ƙasa. "Ka ƙifta."

Wani tsoho da ke layi da sanarwar rasuwa a hannu ya dubi busassun idanun Auta, ya dubi Kawu. Sai ya wuce ta, ya miƙa masa takardar.